Mangwaron Sashe na Biyar

Duk mai bin hanyar Kitwe da damina ya san Bana Lombe, ko da bai san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan da take zama a gefen kwalta da kwanukan naman kaza a gabanta, tana zazzaga wa direbobi faɗa idan suka fantsama mata ruwa. Belita iyayenta suka raɗa mata, amma tun da ta haifi Lombe ba a sake kiranta da shi ba, don a wurin ƙabilarsu ta Bemba da sunan ɗan fari ake kiran mace: Bana Lombe, wato uwar Lombe.

Naman kazan a dajin da ya cinye tsohuwar mahaƙar jan ƙarfe take tsinto shi. A can ta yi zaman aure, a unguwar ma'aikata da ake kira Sashe na Biyar, lokacin da mijinta Ba Shadreck yake aiki a wurin narka ƙarfe. A wancan zamani ko ciyawa ba ta yarda ta tsiro. Hayaƙi yakan sauko daga dogon bututu ya kwanta a kan gidaje, ya ƙone ganyen kabewa, ya huda kwanon rufi, ya sa yara tari har su yi amai. Mangwaro kaɗai ya jure. Da aka rufe mahaƙar, kamfani ya kwashe rufi da ƙofofi, jama'a suka watse, Ba Shadreck ya rasu da tarin da ya kwaso a wurin aiki. Sai itatuwa suka dawo a hankali, mutondo da musamba, suna fasa daɓen siminti suna fitowa ta tsakiyar ɗakunan mutane.

Ita ba ta ɓata a dajin. Takan bi tsohon layin dogo da saiwoyi suka ɗaga, ta kewaye tsibin baƙin kashin ƙarfe, ta wuce gidan famfo inda jemagu suka tare. Daga nan sai jerin mangwarori a cikin duhuwa, kowanne a inda ƙofar wani gida take a da. Ɗaya ne ba ya cikin layi. Yana can baya, kusa da wani babban suri, kuma a gindinsa take ajiye kwando ta huta. Ba ta taɓa shan 'ya'yansa ba.

Shekarun baya kaɗan wata ƙungiya ta karɓi dajin, ta kafa allo a bakin hanya, wai za ta mayar da shi yadda yake tun asali. Sun kewaye tsohuwar maƙabarta da waya, kuma Bana Lombe ta ce wannan sun kyauta. Sai wata safiya ta shigo ta tarar an shafa wa kowane mangwaro jan fenti a jiki, har da na bakin surin. Can gaba injin zarto yana kuka.

Ta bi ƙarar har ta iske shugaban masu saran, Lastone Jere, ɗan Tikambe maƙwabciyarta ta da, wadda ta rasu da jimawa. Shi ɗan ƙabilar Ngoni ne, Ngoni da Bemba kuwa abokan wasa ne, ba sa haɗuwa ba su caccaki juna ba, Ngoni na ce wa Bemba masu cin biri, Bemba na ce musu masu cin ɓera, kuma su suke binne wa juna gawa.

Lastone ya kashe inji ya ce, “A'a, Mayo, uwata, kin makara. Birai duk sun gudu, yau tuwonki gaya za ki ci.”

Ta ce, “Kai mai cin ɓera, wa ya aike ka wannan ɓarna?”

“Masu dajin. Sun ce mangwaro baƙo ne, daga ƙetare aka kawo shi, yana tare wa itatuwan gida rana.”

“Baƙo.” Ta dire kwandonta. “Lokacin da hayaƙi yake cin huhun ubanka, ina itatuwan gidan suke? Sun gudu. Shi baƙon ne ya tsaya da mu. A inuwarsa aka yi maka aski, da shi uwarka ta cika maka ciki shekarar yajin aiki. Yanzu da iska ta yi daɗi 'yan gida sun dawo, sai a ce ya tattara ya tafi? Haka aka yi mana mu ma. Su masu allon, wane tari suka taɓa yi a nan?”

Lastone ya yi dariya, shi a zatonsa wasan da suka saba ne. “Ki je ofis ki faɗa musu, Mayo. Ni hannu ne kawai.”

“Sare sauran, tunda ba ku da kunya. Na bakin suri kada ka taɓa shi.”

“Me ya fi sauran? Ko a can kika ɓoye wa Ba Shadreck tulun giyarsa?”

Lombe ba shi ne cikinta na fari ba. Kafin shi ta haifi ɗa namiji a shekarar da hayaƙin ya fi tsanani, ya zo bai ko motsa ba. Irin wannan ɗa a al'adarsu ba a yi masa kuka, ba a raɗa masa suna, ba a kai shi maƙabarta. Mata ne suke ɗaukarsa a ɓoye, maza ba sa sanin wurin, uwar ma ba a faɗa mata. Tikambe ce ta ɗauke shi. Bayan an kwana biyu suna dawowa daga itace, sai ta ja Belita ta bakin surin, ta tura ƙwallon mangwaro cikin ƙasa da diddige, ta dube ta, ba ta ce komai ba. Shi ke nan. Ko Ba Shadreck bai sani ba har ya mutu.

Yanzu ga shi sai ta buɗe baki ta faɗa wa namiji, a gaban 'yan ƙwadago, don kawai wasu mutane masu allo sun ƙi jinin mangwaro. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Ta ce, “Kore yaranka.”

Ya dubi fuskarta, dariyar ta ɗauke. Ya yi musu hannu suka matsa.

“Uwarka ce ta shuka shi. Ɗana yana ƙarƙashi.”

Lastone ya cire hular kwanonsa, ya daɗe yana juya ta. Ya ce, “Mayo, ko na goge fentin, mai duba aiki zai zo ya ga mangwaro a tsaye, ya turo wani. Abu ɗaya suke ragawa, kabari. Amma sai sun ga alama, da suna a jiki.”

“Ba shi da suna. Ka san ba shi da suna.”

“Na sani.”

“Wato sai na yi abin da kakannina suka hana kafin baƙi su yarda na haihu?”

Ya tafi wajen tsibin baƙin kashin ƙarfe ya riƙa jido manyan gutsattsari a kafaɗa, yana jera su kewaye da gindin. Bai kira yaransa su taya shi ba, aikin kabarin Bemba na ɗan Ngoni ne. Ya zaro wani fallen kwano mai tsatsa daga kangon gidan famfo, ya kafa shi, ya ɗauko gwangwanin jan fentin nan da buroshi, ya tsuguna yana jira.

Ta tsaya tana kallon surin. Ashe akwai sunan. Tun tana da cikin ta zaɓe shi, ta riƙe shi a bakinta shekaru sama da arba'in.

Ta ce, “Chanshi.”

Ya rubuta, harafin ƙarshe ya ɗan zuba. Ta ce rubutunsa kamar tafiyar ɓera, ya ce ai ba a makarantar birai ya yi karatu ba. Ba wanda ya yi dariya.

Ta ɗora kwando a ka ta kama layin dogo. Bayanta injin ya sake tashi, ta ji faɗuwar mangwaron ƙofar gidan Tikambe, sannan na ƙofar gidanta. Lastone ya ɗaga murya ta cikin ƙarar ya ce, “Sauka lafiya, Bana Chanshi.”

Ta ɗan tsaya, ba ta waiwaya ba. Har yau tana shiga dajin duk damina, tana hutawa a gindin mangwaro ɗaya tilo da ya rage. In ta zo wucewa ta gaban allon ƙungiyar kuwa, sai ta yi tsaki ta tofar da yawu.