Kada Ka Ambaci Shanu

A shekarata ta ƙarshe a makarantar Midil ta Sakkwato, ana gab da hutu, malaminmu na Turanci ya tara mu, mu 'yan kaɗan da aka zaɓa mu nemi shiga kwalejin horon malamai. Ya ce bayan hutu wani Baturen ilmi zai zo ya yi mana jarrabawar baka. Wanda ya ci ya wuce kwaleji, wanda ya faɗi ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Ni kuwa kwalejin nan na sa ta a raina fiye da yadda ya kamata, ina jin.

Malamin ya ce kafin a miƙa wa mutum abin karantawa, Bature zai fara jansa da hira. "Zai tambaye ka garinku, da sana'ar mahaifinka, da irin waɗannan. Wai don hankalinka ya kwanta. Kada wannan ya ruɗe ku, tun daga nan yake auna ku. Kada ka ce masa i ko a'a ka tsuke baki. Ka kama abin da ka fi sani, ka yi ta magana a kai."

Abin ya ɗaure mini kai. Mu a wajenmu gaisuwa ba abin da ba ta tambaya: kwana, gajiya, gida, iyali, ruwa, dabbobi. Amma ba mai jiran labari. Ko jiya ɗakinka ya rufta, lafiya lau za ka ce. Ga kuma wasu mutane da za su yi maka tambaya guda su gyara zama suna jiran amsa. To me suke yi da amsar? Tun a cikin motar da ta kai ni Tambuwal nake juya wannan, har na bi 'yan kasuwa a ƙasa muka isa Kebbe ban warware ba. Abu ɗaya dai na gane a hanya: abin da na fi sani a duniya shanu ne. Mu manoma ne, amma tun kakanni muna da garke, kuma kafin a ɗauke ni makaranta kiwo nake yi.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure tare da taubashina, ɗan goggona, wanda ya girme ni har ya yi aure amma bai daina tsokanata ba. Na ba su labarin jarrabawar, na ce in Allah ya so a kan shanu zan yi magana.

Baba ya ajiye igiyar da yake tufkawa. "Bature zai tambaye ka aikina? Mi shika nema da aikina?"

"Hira ce kawai, Baba."

"Bature ba shi hira."

Ya kamata in yi wa mai karatu bayani, ko da yake ina yinsa da taka-tsantsan. A wancan zamani akwai jangali, harajin da ake ɗora wa kowace saniya. Ba na cewa Baba yana ɓoye shanu. Abin da na sani kawai shi ne, garkenmu yakan ragu ƙwarai duk lokacin da aka ji malamin jangali ya sauka a Kebbe, ya kuma cika bayan ya wuce. Haka na kowa yake yi, in ban yi kuskure ba. Shi ya sa a ƙasarmu ba a yi wa baƙo zancen shanu, balle Bature.

"Ka ce mai noma nika yi," in ji Baba. "Gero da dawa da wake. Kada ka ambaci shanu, ko da kaho."

Na ce wannan Baturen na makaranta ne, ba ruwansa da haraji.

"In Turawan sunka taru da marece, mi suka faɗi? Kana wurin?"

Ba na wurin. Gaskiya ma tambayar ta shige ni, don ni kaina ina son in san abin da suke faɗa.

Saboda haka na zauna na shirya magana a kan gero, na haddace ta. Taubashina ya ce shi zai zama Bature. Ba ya jin Turanci ko kaɗan. Ya kifa turmi a gindin tsamiya ya ɗare, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya toshe hanci da yatsu, ya yi wani yare da babu shi a duniya, sannan ya fassara wa kansa.

"Kai yaro, mi ubanka shika yi?"

Na ba shi amsa da Turanci. Inna da Goggo suna sussuka a gefe, suka tsayar da taɓare suna saurare.

"Har ka ƙare?" in ji shi. "Geronka ba shi da auki, ɗan boko. Matso nan." Ya sunsuna rigata. "Ƙarya kaka yi. Warin nono nika ji. Ɗan doka, kama shi!"

Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Inna ta ce a ƙyale mata yaro. Amma taubashin nawa ya faɗi gaskiya a cikin wasa: maganar ba ta da tsawo. Ana shuka, ana noma, ana girbi, ana zubawa a rumbu. Daga nan sai in tsaya. Ban taɓa kwana da tunanin gero ba, to me zan ƙara?

A hanyar komawa na tsaya a Tambuwal wajen malamin asibiti, abokin kawuna, wanda ya taɓa yin irin wannan jarrabawa. Ya saurare ni yana wanke kwalaben magani. Ya ce Turancina ba laifi, amma ina magana kamar mai shela. Da na gaya masa inda matsalar take, sai ya ce, "To ƙirƙiro mana. Ka ce mahaifinka maƙeri ne. Wa zai je Kebbe ya duba?"

Na ce ba zan iya ba. Ba don tsoron Allah kaɗai ba, ko da yake akwai shi. Yin ƙarya da Turanci aiki biyu ne, ga neman kalma ga neman ƙarya, ni kuwa guda ma da ƙyar nake ɗauka. Sai na tambaye shi abin da ya fi damuna: shin Baturen ilmi da Di'o, Baturen mulki mai kula da haraji, suna hira?

"Tare suke buga ƙwallo kan doki," in ji shi, ya ci gaba da wanke kwalabensa.

Ranar jarrabawa da hantsi aka kira ni ofis. Baturen siriri ne, wuyansa ya yi ja saboda rana, yana riƙe da alƙalami. Ya nuna mini kujera, na ɗosana a bakinta. Ya tambayi garinmu, na ce Kebbe. Ya ce ina ne, na ce gaba da Tambuwal. Ya tambayi sana'ar mahaifina, na saki gerona. Ko don tsoro ne, ban sani ba, ya ƙare da sauri fiye da yadda yake ƙarewa a gindin tsamiya.

Baturen ya jira in ƙara. Ya dubi taga, ya juya alƙalami a yatsunsa, bai rubuta komai ba. Na ji a jikina kwalejin tana kuɓuce mini.

Sai ya ce, "Kafin ka shiga makaranta, me kake yi tun safe har yamma?"

Ba zancen Baba ba ne wannan, nawa ne, kuma ban shirya masa ba. In na ce kiwo, na karya maganar Baba. In na ce ba komai, na faɗi. Ban san inda amsar ta fito ba, na dai ji bakina yana cewa, "Wata saniya nake bi."

"Saniya?"

Na ce i, wata ja mai karkataccen ƙaho. Na ce ta iya sa ƙahon ta ɗaga shingen ƙaya ta shiga gonar mutane, kuma ba ta shiga sai ta waiwayo ta ga ko ina kallo. Na ce ta san gonar limamin ƙauyenmu ta fi kowace wake, kuma saboda ita na sha bulala ba adadi. Turancin yana ta karyewa, inda na rasa kalma in nuna da hannu, amma bai tsaya ba. Har na manta na ɗaga kai ina kallon idonsa, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Ya ajiye alƙalami yana dariya. Ya tambayi yadda ake hana ta, na ce mun ɗaura mata gungume a wuya, ta koyi tafiya da shi. Ya tambayi wa ke tatsar ta, na gaya masa. Da gaske yake son ya ji, ko dai aikinsa ne ya nuna haka, har yau ban tantance ba.

Can sai ya ce, "Ita kaɗai gare ku?"

Na tuna maganar Baba. Na ce, "Ita ce dai ta fi ba ni wahala."

Ya dube ni ɗan jim. Ina jin ya yi murmushi, amma ba zan rantse ba. Ya ɗauki alƙalami ya yi rubutu, sannan ya miƙo mini abin karantawa. Na yi kwanaki ina tunanin abin da ya rubuta, da wanda zai nuna wa.

Sakamako ya fito na ci. Da na koma gida ɗaukar kayana, Baba bai fara da barka ba.

"Ya tambayi shanu?"

"Guda na faɗa, Baba."

"Wacce?"

"Jar nan mai karkataccen ƙaho."

Taubashina ya ƙunshe baki yana jira.

"Duk garken nan," in ji Baba, "ka rasa wadda za ka kai gaban Bature sai ɓarauniya?"

Lokacin jar saniyar ta tsufa, ta ma daina tsallaka gonar kowa. Ina kwaleji aka ba ni labari cewa da damina ta yi, malamin jangali ya sauka, garke ya ragu yadda ya saba. Ita kuwa Baba ya ɗaure ta a ƙofar gida inda kowa zai gani, ya ce tunda gwamnati ta riga ta san da ita, ba amfanin a wahalar da ita zuwa daji.