Waƙar da Ta Fi Ni Yawo

Karatuna bai wuce izu biyu ba, boko kuwa ta taga na leƙa shi. Murya ce Allah Ya ba ni, da ita na ci abinci a Jidda tun da na zo umra na manta hanyar filin jirgi.

Waƙar biki nake yi a unguwannin Sa'alaba da Mahjar. A sana'armu ba a wasa mutum a dunƙule. Sai ka faɗi sunansa, da garinsu, da lungun da yake zaune, da bajintarsa. To mu nan wace bajinta gare mu in ba zama babu iƙama, takardar izinin zama, ba? Sai in ɗaga murya: wane ɗan wane, shekara da shekaru askar, ɗan sandan ƙasar nan, bai ga ƙeyarka ba! Maza su bushe da dariya. Kaset ɗaya ake ɗauka, ango ya kulle a akwati, magana ta mutu a nan.

Da wayoyi masu bulutut suka shigo, wani mai shagon waya a kasuwar Balad, Bahaushen Sudan, ya samu kaset ɗin wani biki ya juye. Daga wannan waya zuwa waccan, har ran nan na shiga tasi na tarar da kaina ina rera waƙa a wayar direba, shi kuwa ɗan Yaman yana ta kaɗa kai.

Na je na sami mai shagon wayar.

"Ya hajji, ai ba sayarwa na yi ba," in ji shi. "Kyauta nake tura wa abokai, ko dokar Turawa ba ta hana wannan ba. Taka ta ragu ne? Ba tana nan a maƙogwaronka ba?"

"Sunayen bayin Allah da ke ciki fa, ɗan'uwa?"

"Ni na sa su? Halas, ka yi suna, godiya ya kamata ka yi mini."

Shi da iƙamarsa a aljihu, ga kafilinsa da ya tsaya masa.

Ban ce waƙar ce ta jawo ba, Allah ne masani. Amma ba a jima ba aka kama wani tela da na wasa a ciki, aka mayar da shi gida daga shi sai kayan jikinsa. Sauran suka sauya lungu.

Ba wanda ya zage ni. Har yau ana gayyatata biki, sai dai uban ango ya ja ni gefe: "Baba, ka ci shinkafa ka ƙoshi, amma don Allah ban da waƙa."

Ina zuwa kuwa, ba a fushi da ciki. Nakan zauna kusa da ƙofa in cika bakina da nama, sai hankalin kowa ya kwanta.