Gayaunar Kaka da Garmar Shanu

Ina aji uku a makarantar Tambuwal, a farkon shekarun mulkin kai, mahaifina ya kawo garmar shanu gonarmu ta Fakku. Can nake hutun damina, don haka a gabana aka yi komai.

Kakata, wadda ta haife shi, tana da 'yar gayauna a tsakiyar gandun, da wani kututturen kalgo a cikinta. Kakanmu ne ya yanka mata ita tun kafin a haifi kowa a gidan. Yakuwa take shukawa da kuɓewa da ɗan riɗi, duk inda hannunta ya faɗa. Ba ta taɓa roƙon kowa ganyen miya ba, kuma tana son a san haka.

Ita kuwa garma ba ta son kwana. In shanun suka iso gayaunar sai an tsaya, an ɗaga ƙarfen, an kewaya, kunya ta fito a karkace. Mahaifina ya ɗan jure, sannan ya ce za a tumɓuke kututturen a miƙe layi, a ba Kaka wani wurin a bakin gona. Ta ce wurin fako ne, ko ƙaya da ƙyar take fitowa. Ta tambaye shi ko garmar ce yanzu mai gida.

"Ƙarfe na, Inna, ba shi da nufi," in ji shi. "Inda niƙ ƙi, ba shi zuwa."

Ina tsaye da butar ruwa, na ga inda ƙarfen ya bi. Ya bi ta kan yakuwar da ta fara ja a kara.

Da muka koma makaranta, malaminmu ya ce inji bawan ɗan Adam ne, abin da aka sa shi yake yi. Raina ya ɓaci har alli ya karye a hannuna. Wane irin bawa ne za a gyara masa gona yadda yake so, a ture tsohuwa gefe don kada ya sha wuyar juyawa? Har yau ina jin zafin maganar.

Geron ya yi kyau a shekarar, ba zan ɓoye ba. Fakon da aka ba Kaka bai ba da komai ba. Wata safiya da na dawo hutu, Kaka ta miƙo mini ƙoƙo, idonta na kan murhu, ta aike ni maƙwabta roƙon yakuwa.

"Ki ce uwarki ta aiko ki," in ji ta.