Na Tahi Goronyo In Yi wa Wurno Dariya

Rabah

Tun kahin kiran assalatu na hau kekena. Ba zan ɓoye maku ba, mugunta ta tashe ni. 'Yan makarantar Wurno sun hidda namu ga ƙwallon lardi, Bube tela kuma, wani mai baƙin baki ɗan Wurno, ya aiko mani cewa mu koma kamun kihi. To yau za su kara da Goronyo, wanda ya ci shi ka zuwa Sakkwato wasan ƙarshe. Na rantse sai na ga idon Bube in an lallasa su.

Wurno

Da hantsi ɗan doka ya tare ni bakin gari, wai lambar keke. Na nuna. Na sha hura a tasha, na ɗora keken bisa motar albasa. Wa zan iske zaune a bodi? Bube.

"Ɗan Rabah, mi ka kai ka Goronyo? Koyon ƙwallo?"

"Jana'iza za ni," na ce.

Goronyo

Bayan la'asar anka hura usur. Yara ba takalmi, hili duk tsidau, ƙwallo kuwa guda ce tal, ta hwata mai ɗinki. Na tsaya cikin mutanen Goronyo ina ta ihu, amma gaskiya Wurno sun hi su wasa nesa. Dab da tashi, babu wanda ya ci, sai autan Bube, Sanda, ya yanke mutum ukku, ya buga. Golan ya riga ya hwaɗi. Ƙwallo na gangarawa ta hau ƙayar aduwa, ta hwashe, ta kwanta taki guda kahin layi.

Babu wata. Baturen makaranta, mai shugabantar wasan, ya dubi agogo, shina son komawa birni kahin duhu. Ya ciro sule ya ce a zaɓa, kan Sarki ko iccen da ke bayan sulen. Ya jehwa. Goronyo.

Wallahi ban san sa'ad da na shiga hili ba. "Wagga wace irin shari'a ta? A kira baduku ya ɗinke mana! Yara sun yi gumi, ka raba gardamarsu da caca?" Tahintan Bature ya ce in kama bakina ko in kwan gidan yari. Bature ko kallona bai yi ba, ya shige motarshi.

Sanda bana ya ka hita makaranta, babu baɗi gare shi. Bube ya duƙa shina cire mashi tsidau ga ƙahwa.

Gida

Na kwan wajen wani mai awon gero, na kai Rabah washegari da azahar. Godiya ga Allah da ya kawo ni lahiya, da mai masaukina. Samari sunka taro ni da murna, sun ji an hidda Wurno.

"Baba, ba mu labari mu yi dariya."

Na ce duk wanda ya buɗe haƙori sai na mare shi.