Ribon da ke Cikin Sitiyari

A wajenmu, idan ka wuce ƙofar gidan na gaba da kai a mota, dole ka danna hon. Gaisuwa ce. Na zauna a ƙasashen da danna hon tamkar zagi ne, har ɗan sanda yakan rubuta ka saboda shi, na kuma zauna a biranen da kowa ke dannawa ba wanda ke ji. Amma tsakanin Kafanchan da Kagoro hon magana ne, kuma ana sanin muryar kowace mota.

Yayata tana zaune a Kagoro, gidanta a bakin hanyar da nake bi zuwa gonar cittata. Idonta ya daina gani shekaru da yawa. Kullum da safe ana fito mata da kujera ƙarƙashin mangwaro, idan na zo wucewa in danna sau biyu gajeru, sau ɗaya dogo, ita kuma ta ɗaga sandarta. Tsayawa wani abu ne dabam, domin wanda ya tsaya ba ya tafiya sai ya ci abinci, rabin yini ya tafi ke nan.

Wata damina hon ɗina ya mutu, wata jar fitila kuma ta kama a gaban sitiyari. Sau uku ina wucewa ina ɗaga mata hannu ta taga. Ni da na kai shekara saba'in, ina ɗaga wa makauniya hannu! Maƙwabta kuwa sun gan ni, sun gaya mata. Ranar Lahadi bayan sujada wata 'yar ƙungiyar zumuntar mata ta tare ni a ƙofar coci, ta ce Yaya ta ce a tambaye ni ko an riga an yi jana'izarta ne ba ta sani ba.

Maƙwabcina, wanda muke kira Injiniya, tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi rayuwarsa yana ɗaure notin kan jirgi. Ya duba fis, ya duba hon ɗin kansa, duk lafiya. Ya ce matsalar tana cikin wuyan sitiyari, wani abu ne da masu gyara ke kira ribon. Na sa direban bas ya kawo mini na hannu daga Sabon Tasha. Ranar Talata da hantsi muka tura motar ƙarƙashin rumfa.

Na cire kan batir, na ce mu jira.

"Jiran me, Bature?" in ji shi. Haka yake kirana tun da na dawo gida daga Turai.

"Akwai jakar iska a tsakiyar sitiyarin nan, Injiniya. In wuta ta rage a jiki, za ta fashe maka a fuska."

"Fuskar nan tururin jirgi bai canza ta ba."

"Shi ya sa Mama take cewa da ma ya gwada."

Matata, wadda duk muke kira Mama, tana shan iska a baranda tana tsince acca. Ta ce kada mu sa ta cikin shirmen tsofaffi.

Muka daidaita tayoyi suka kalli gaba sosai. Muka kwance jakar iskar, na ɗauke ta da hannu biyu kamar kwandon ƙwai, na ajiye ta can gefe, fuskarta sama. Na ari jan farcen matata na yi alama a kan sandar da sitiyari ke zaune, don ya koma daidai inda ya fito. Injiniya ya sa sifana ya kwance babban notin, sitiyari ya fito. A ƙarƙashinsa ga wani baƙin akwatin roba, kewayayye, bai fi faranti ƙarami ba.

Tun da tsohon ya riga ya lalace, na ɓalle murfinsa don in gani.

Na taɓa ganin agogon da ke kan hasumiya a Turai, wanda mutum-mutumi ke fitowa ya buga ƙararrawa. Na taɓa shiga can cikin jirgin ruwa na ga injin da ya fi cocinmu tsawo. Amma ban taɓa mamakin aikin hannun mutum ba kamar yadda na yi a wannan hantsi. Wani farin ribon ne, siriri kamar ganyen rake, an naɗe shi zagaye bisa zagaye kamar gammo. Na ɗaga shi ga hasken rana, sai ga zaren tagulla a jere a cikinsa, kowanne bai kai kaurin gashi uku ba. Shekara arba'in ina tuƙi ban taɓa tambayar kaina yadda wuta ke shiga abin da ke juyawa ba tare da waya ta murɗe ta tsinke ba. Ashe wani ya zauna ya yi tunani: in ka juya hagu ribon ya saki, in ka juya dama ya naɗe. Duk kwanar da na sha a duniya, wannan abu yana numfashi ƙarƙashin tafin hannuna ban sani ba. A ƙarshensa na ga inda ya tsage, tsaga ƙarama kamar yankan reza.

Injiniya ma ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Kai, Allah mai iko."

Wanda aka kawo yana da rubutu a jiki da Turanci da Faransanci da Jamusanci. Na karanta duka ukun, magana ɗaya ce: a juya shi har ya tsaya, sannan a dawo da shi zagaye biyu da rabi, tsakiyarsa ke nan. In an ɗaura shi ba a tsakiya ba, kwanar farko zai tsinke. Injiniya ya miƙo hannu. Na kalli yatsun nan da suka saba da ƙarfen jirgi, na janye abin.

"Mama, zo don Allah."

Matata ta yi shekaru tana ɗinki. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta sa ɗan yatsa ɗaya tana juyawa, kanta a karkace kamar mai sauraro. Can ta tsaya.

"Nan ne. Ya fara ja."

"Ai bai tsaya ba, ƙara kaɗan," in ji Injiniya.

"Baba, zare ba ya cewa ya gaji. In ka jira ya tsaya, ya tsinke."

Ta fara komawa baya muna ƙirgawa. Ni na fara da harshenmu, Injiniya da nasu, muka rikita ta. Ta ce mu yi shiru ko mu yi da Hausa. Aka sake daga farko. Ɗaya. Biyu. Rabi. 'Yan kibiyoyi biyu da ke jikin robar, waɗanda ban ma lura da su ba, suka zo suka kalli juna daidai. Wani a wata ƙasa da ba zai taɓa jin sunan garinmu ba ya bar alama, hannun matata ya same ta.

Saura baƙar wayar hon da muka tarar ta goge a jikin ƙarfe. Ba wuta a unguwa, sai Injiniya ya ɗora ƙarfen liƙi a garwashin murhu, ya liƙe ta da dalma, ya naɗe da salatif. Nan kam na ga gwaninta. Wayoyi masu ruwan ɗorawa na jakar iska ne, ba mu taɓa su ba sai soket ɗin da muka mayar. Muka ɗaura komai, na haɗa batir, na tsaya daga waje na miƙa hannu na kunna. Jar fitilar ta kama, ta ɗan jima, ta mutu. Na danna hon, kaji suka watse.

Washegari na kama hanyar Kagoro, gajimare ya rufe kan duwatsu. Daga nesa na hango ta a kujerarta. Na danna, biyu gajeru, ɗaya dogo. Sandar ba ta motsa ba. Na wuce kaɗan, na sami fili na murɗa sitiyari har ƙarshe na juyo.

"Yaya, ina kwana?"

"Wane ne?"

"Ni ne, Yaya. Hon ne ya lalace, jiya muka gyara."

"Na ji ka tun daga gada," ta ce. "Hon ya lalace, ƙafarka ma ta lalace?"

Na durƙusa kusa da kujerarta. Ta laluba ta kama hannuna, ta riƙe shi da ƙarfi, ta juya kai wajen gida ta ɗaga murya ta ce a ƙara ruwan fate, autan mamanta ya zo. Ranar ban je gona ba.