Malam Barau Jajaye da Sunayen da Ya Killace

An haifi Malam Barau a Jajaye ta ƙasar Rogo a shekarar 1952. Mahaifinsa Malam Abdulsalami makiyayi ne, mahaifiyarsa Goggo Adama, kuma shi ke bin yayansa Hammawa, wanda ya gaji garken gidan.

Karatu da aiki

Bayan firamare a Karaye da kwalejin horon malamai, ya karanci lissafi a jami'a, sannan a 1984 wani ofishin aikin gona a Karaye ya ɗauke shi ya danƙa masa kwamfuta. A 1986 ya ƙirƙiri ƙaramin harshen ba kwamfuta umarni da Hausa, domin malaman gona su riƙa rubuta lissafin taki da na magani da kansu. Da yake ya tashi a gidan da ba a kulle wa ɗan'uwa rumbu, haka ya tsara harshen: duk sunan da aka ba wani adadi, kowane sashe na lissafin yana iya karanta shi, ya kuma sauya shi. Shi a ganinsa zumunci ne.

Aure

Ya auri Malama Saude 'yar Kwanyawa a 1979, mace mai haƙuri da mijin da ke magana da na'ura fiye da mutane.

Musibar Fulatan

A daminar 1991, wani malamin gona ya haɗa lissafin feshin gyaɗa da na wankan kaskar shanu, ya kira ma'aunin ruwan kowanne da suna ɗaya. Adadin feshi ya hau kan na wanka, kwamfuta ba ta yi gargaɗi ba, magani ya fita da ƙarfi fiye da kima. Shanun da aka wanke a ƙauyen Fulatan suka zube, mafi yawansu na Hammawa. Abin da kawai Hammawa ya ce wa ƙanensa shi ne, “Barau, ni ban san na'ura ba, kai na sani.”

Sauyin ƙa'ida

A 1992 Malam Barau ya juya ƙa'idar: kowane suna ya tsaya a sashensa, sai wanda aka rubuta ƙarara cewa na kowa ne. Abokan aiki suka yi ta ƙorafi, domin tsofaffin lissafe-lissafensu sun dogara da sunayen tarayya, dole aka bi su layi-layi ana gyarawa. Ba wannan ne ya hana shi sukuni ba. Tsohon harshen ya riga ya bazu a faya-fayai, ana kwafa hannu da hannu, kuma babu wanda ya san adadinsu. Ya shafe shekaru a kan babur yana bin ofisoshi da makarantu, yana karɓar tsoho yana ba da sabo, ya rame, kullum sai ya garzaya idan aka ce shanu sun kwanta a wani ƙauye.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 1998, bayan gajeriyar jinya da ta same shi da dawowa daga Kwanyawa, inda ya je neman wani faifai bai samu ba. An binne shi a Jajaye, kuma Hammawa, wanda ya daina taka gidansa tun musibar, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Malam Barau ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Lukumanu, Barira, Lami da Muntaka. Wasiyyarsa gare su ita ce duk inda suka ga tsohon faifan, su karya shi. Allah ya jiƙansa da rahama.