Ladan Ɗalha da Muryar Duna

Shekara talatin da biyu Malam Ɗalha yana kiran salla a masallacin unguwarsu a Ɗanzomo, kuma ba a taɓa jin ya yi tari a tsakiyar kira ba. Mutum ne mai tattalin maƙogwaro. Ba ya shan ruwan sanyi, ba ya cin soyayyiyar gyaɗa, aljihunsa kuwa ba ya rabuwa da kanumfari. Bayan muryar, abin da yake ji da shi a duniya shi ne farar rigarsa. Matarsa Halimatussa'adiya takan ce da ƙuda yana neman izini kafin ya sauka, da har abada bai san laushin rigar Malam ba.

Sai dai ladanci ba ya cika tukunya. Tumaki bakwai ne ke riƙe da gidan, suna ɗaure a garke a gonarsa ta bayan gari. Wata Juma'a, ana tsakiyar huɗuba, wasu suka zo da babur suka ɗauke raguna biyu. Akwai gidaje kusa da gonar, amma matan da ke ciki ba su ji komai ba. Suka ce da akwai karen da ya yi haushi, ai da sun fito da taɓarya.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Mutumin da ke sauya hanya idan ya hango kare, sai ga shi a ƙofar Barau mafarauci yana neman kwikwiyo. Barau ya ba shi wani ɗan baƙi wuluk mai suna Duna, ya ce uwarsa idan ta yi haushi har ƙauyen gaba ana ji. Ya ce a riƙa kai shi garke da hantsi ana dawo da shi da yamma, har ya saba da tumakin ya isa kwana can.

Tafiyar nan ce ta zama wa Malam Ɗalha jidali. Duna bai san ladan ba, bai san farar riga ba, shi dai ya ga mai ba shi tuwo. Da zarar an kwance shi sai tsalle da lasa. Malam ya yi wa igiya zarge ya saƙala masa a wuya, ya riƙe gajere. Duna na kawo baki, sai ya fizge sama, ɗan kwikwiyon ya tsaya da ƙafafun baya yana kakari. Haka suke ratsa gari kullum, ladan a miƙe kamar sanda, hannunsa nesa da jikinsa.

Halimatussa'adiya ce ta fara jin Duna yana tari. Ta ce ko ɗan akuya ba a ja haka, ta matsa wa Malam har ranar Alhamis ya biya wurin Bappa baduku a kasuwar Maigatari. Bappa, wanda ke ɗinka wa raƙuma da jakuna kayansu, ya ajiye masa abu biyu: abin wuya na fata, da wata ɗamara mai zagaye ƙirji ta fito ta bayan ƙafafun gaba. Ya ce na wuya ya fi ba mutum iko da bakin dabba, na ƙirji ya fi sauƙi ga dabbar, kowa da abin da ya fi damunsa. Malam ya ɗauki na ƙirji, don bai shirya wa faɗan gida ba.

Kwana uku kacal ɗamarar ta yi aiki. Tarin ya lafa, amma bakin Duna ya sami 'yanci. A rana ta uku, daidai rumfar masu shayi, ya ɗago ya lashi hannun Malam, ya buga masa sawun laka biyu a gaban riga. Wani ya ce cikin dariya, yau dai za a ji kiran azahar daga bakin abokin kare. Maganar ta soki Malam. Ya wanke hannu sau bakwai, ya sauya riga, ya kai wa Liman kuka. Liman ya ce masa kiwon kare don gadin dabbobi ya halatta, kuma zancen yawun akwai sauƙi a cikinsa fiye da yadda mutane ke ɗauka. Gaskiyar magana, ba hukuncin ne ke damun Malam Ɗalha ba, dariyar rumfar shayi ce. Washegari ya rataye ɗamarar a ƙusa ya koma wa zargensa.

Barau ya gamu da su bayan sati biyu. Ya tsuguna, ya lalubi wuyan Duna, fuskarsa ta canza.

"Malam, maƙogwaron ƙaramin kare kamar karan dawa ɗanye ne. Idan ya lotse, ya lotse ke nan."

Malam ya ce ai horo ne. Yana faɗa yana jin nauyin kalmar a bakinsa, amma ya ja igiyarsa ya wuce.

Wata rana da hantsi yana zuba wa tumaki harawa, wani baƙo ya tsayar da babur a bakin garke yana tambayar hanyar Sule Tankarkar. Duna ya zabura har ƙarshen igiya, gashin bayansa a tsaye. Ya buɗe baki, ƙirjinsa na bugawa, ya yi ta yi da iyakar ƙarfinsa. Babu abin da ya fito sai huci, kamar iska na fita daga tayar keke. Ko tumakin ba su ɗago kai ba.

"Baba, karen naka bebe ne?" in ji baƙon, ya yi dariya ya tafi.

Malam Ɗalha ya tsaya da harawa a hannu. Ba ragunan da aka sace ya tuna ba, ba kuma biyar ɗin da suka rage. Wata asuba ya tuna, shekarun baya, da mura ta shaƙe shi, ya tsaya gaban lasifika ya cika ƙirji ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Kwana biyu kawai ya yi a haka, kuma har yau bai manta tsoron ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda wanka ba ya fitarwa. Shi da ke tauna kanumfari don tasa muryar, shi ya kashe ta wani da hannunsa, don kada riga ta ɓaci.

Ya durƙusa a cikin kashin tumaki ya sassauta zargen, ya zare shi. Gashin wurin duk ya tsige. Duna bai riƙe shi da komai ba, ya haye cinyarsa yana lasar hannunsa, da gemunsa, da wuyan rigar. Malam bai janye ba.

Yana nan zaune rana ta take. Daga cikin gari ya jiyo an kunna lasifika, an ɗan jira shi, sannan wani ya kira azahar. Duna ya ɗaga kunne, ya juya wajen sautin, ya buɗe baki.